Tekun Kanawa: Tiga, Bagauda da Hutun Ma'aikatan Bompai, Sharaɗa da Challawa

 Ga rubutun shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba, ko kuma masu son karantawa a tsanake.

Abin da ya jawo maganar yau wata ƙanwata ce. Ranar nan tana ta latsa waya, sai ta nuna min hotunan wasu 'yan Legas da suka fita hutun ƙarshen mako. Wasu sun hau jirgin ruwa sun tsallaka Tarkwa Bay, wasu sun tuƙa mota zuwa Badagry, wasu sun yi Epe cin kifi. Juma'a da yamma a fita, Lahadi da yamma a dawo, Litinin kowa yana wurin aikinsa. Sai ta ce min, "Yaya, mu dai a Kano ba mu da wurin zuwa. Daga gidan biki sai kantin zamani, sai kuma gidan zoo ranar Sallah."

Ban ce mata komai ba. Na shiga ɗakin Baba na ɗauko wani hoto da ya fi ni shekaru. Mutum tara ne a jikinsa, duk samari, wasu da wando fantalo wasu da kaftani, ɗaya ya saɓa rediyo a kafaɗa. Bayansu ruwa ne iya ganinka, ba ka hango ɗaya gaɓar. Na ce mata ina ne nan? Ta ce Legas. Na ce duba bayan hoton. Da biro aka rubuta: Tiga, 1978.

Waɗannan mutum taran ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne. Ma'aikatan wata masaƙa ne a Bompai, kuma Baba ne na uku daga hagu. To tambayar da nake so mu bi yau ita ce, ta yaya aka yi lebura mai tsaron injin saƙa ya samu lokaci da kuɗi da wurin zuwa shan iska a 1978, amma jikansa mai digiri bai samu ba yau?

Bari mu fara da shi kansa hutun ƙarshen makon, don ba namu ba ne tun asali. Bahaushe yana da hutunsa. Makarantar allo tana hutun Alhamis da Juma'a. Manomi yana samun sarari da rani. Ɗan kasuwa yana bin ranakun kasuwa. Masu sarauta kuma suna da kilisa, a hau doki a fita bayan gari a sha iska a dawo. Sarkin Kano ma yana da gidaje a wajen ganuwa, irin su Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa. Fanisau ribaɗi ce tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo, can ma Bature Clapperton ya same shi a 1824, amma daga baya ta zama wurin da Sarki kan fita ya yini, kuma har yau ga hawan Fanisau da hawan Ɗorayi nan a cikin bikin Sallah. Talaka kuma yana da hawan dutsen Dala ranar Takutaha. Wato fita daga gari don a huta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da yake baƙo shi ne a ce duk mako akwai Asabar da Lahadi da aka ware, agogo ne ya ba ka su, agogo ne kuma zai karɓe.

Wannan kam ɗan masana'anta ne. A Ingila, dokar masana'antu ta 1850 ce ta sa mata da yara masu aiki a masaƙu suke tashi da ƙarfe 2 na rana ranar Asabar, daga nan rabin ranar Asabar ta fara zama al'ada. A Amurka, Henry Ford ya mayar da ma'aikatansa aikin kwana biyar a 1926, kuma ba don tausayi kaɗai ba, ya san wanda ba shi da ranar hutu ba ya bukatar mota. Wani abin sha'awa kuma, ma'aikatan masaƙun yankin Lancashire, inda ake saƙa yadin da ake kawo mana Kano zamanin Turawa, su ne suka raya garin Blackpool na bakin teku. A rufe masaƙa mako guda, gari ya tashi kacokan ya hau jirgin ƙasa ya tafi kallon ruwa. Kun ga ashe masaƙa da bakin ruwa tsohuwar abota ce.

To mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta buɗe, Turawa da Kwara, wato 'yan Labanan da Siriya, suka cika Fagge ta Kudu da gefen tasha. Masana'antun farko duk a jikin abin da ƙasar ke bayarwa suka tsiro, man gyaɗa da fata da kirgi da auduga, sai sabulu da turare da alawa da kwanon tasa. Bompai ce babbar yaya, tun kafin samun 'yancin kai aka fara kafa kamfanoni a can, kusa da layin dogo da unguwar Turawa. Da wuri ya cika sai aka buɗe Sharaɗa a kudu da birni, aka yi ta kashi-kashi har uku. Sannan Challawa, can wajen Panshekara a bakin kogi, inda manyan majemu suka tare saboda jima ba ta yiwuwa sai da ruwa mai yawa.

Su manyan ma'aikatan waɗannan kamfanoni, Turawa da Kwara da Indiyawa, da ma suna da ƙarshen makonsu. Ga Kano Club nan kusa da Bompai, ga filin golf, ga filin polo, ga kulob ɗin 'yan Labanan. Mai son nisa ya ɗauki bindiga ya tafi farauta dajin Kogin Kano, wanda yanzu muke kira Falgore, ko ya miƙa har Yankari ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Ɗan ƙasa mai tsaron inji kuwa, iyakarsa silima da daddare, ko kallon dambe, ko ya hau kekensa Raleigh ya tafi ƙauye gaida iyaye. Keken ma, a nan Kano aka riƙa harhaɗa shi.

Abin ya sauya ne da zuwan mutum ɗaya da kuma kuɗin mai. A ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Gowon ya ƙirƙiri jihohi 12, aka ba Kano gwamna ɗan sanda, Audu Baƙo, wanda ya riƙe ta har Yulin 1975. A lokacin Kano ta haɗa da Jigawa ta yau. Mutumin nan ruwa ne a ransa. Ya duba ya ga jiha ce mai yawan jama'a da ƙarancin damina, ruwan sama ya zubo wata huɗu ya gudu Hadeja ya wuce Yobe, sauran wata takwas a zauna ana kallon ƙura. Sai ya ce a tare shi. Aka fara da Bagauda a ƙasar Bebeji, wadda aka sa wa sunan sarkin Kano na farko a littafin tarihin Kano. Sannan aka shiga babban aikin, Tiga, daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da farin nan na farkon shekarun 1970 yake cin dabbobi da amfanin gona a duk yankin Sahel.

Ku tsaya ku ji girman abin, don da yawanmu sunan kawai muka sani. Bangon dam ɗin Tiga ya kai tsawon kilomita 6, tsayinsa wajen mita 48. Lokacin da aka gina shi, in ya cika, ruwan yakan rufe fili wajen murabba'in kilomita 178, kuma yakan ɗauki kubik mita kusan biliyan 2. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarkar 'yan garuwa 40. Sai ka lissafa da kanka, ni kaina ya ɗauki zafi. Wannan ruwan shi ke bin magudanai ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, shinkafa da alkama da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan. Ragowar ya biyo kogin Kano ya zo matatun da ke ba birni ruwan famfo.

Don noma da ruwan sha aka yi dam, wannan ba gardama. Amma abin da ya bambanta Audu Baƙo shi ne, da ya ga ruwa ya taru sai ya ce ai kuma a zo a kalla. Aka gina otal ɗin Bagauda Lake a bakin tafkin, da ɗakuna masu siffar bukka da wurin ninƙaya da zauren taro. Aka gina Rock Castle a kan dutse a Tiga, inda kana tsaye kana kallon ruwan daga sama. A cikin gari aka yi gidan zoo, wanda yanzu yake ɗauke da sunansa, kuma ku lura da inda aka ajiye shi, maƙwabcin Sharaɗa ne. Dajin Falgore, wanda tun zamanin Turawa yake a killace, aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji a kan hanyar Jos. Cikin shekara takwas, garin da ba shi da teku ya samu wuraren zuwa a jere a kan hanya ɗaya, Bagauda kamar tafiyar awa guda, Tiga gaba kaɗan, Falgore ga mai son nisa.

Wuri kaɗai ba ya isa, sai da kuɗi a aljihu da abin hawa. Su ma suka zo a lokaci guda. Naira ta fito ranar 1 ga Janairu 1973, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen wannan shekarar. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, da ta 1977, suka sa attajiran Kano suka shiga masana'antu da ƙarfinsu, har Alhaji Isyaku Rabi'u ya sa wa masaƙarsa suna Bagauda. Sai ga kuɗin Udoji a 1975, ƙarin albashi har da bashin watannin baya a dunƙule. Na ma'aikatan gwamnati ne, amma na kamfanoni suka tada ƙayar baya har da yawansu suka samu nasu. A wannan shekarar ce kuma aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Baba ya ce bai sayi Fijo ba, amma ya sayi babur Honda da rediyo mai kaset, kuma rediyon nan ita ce a kafaɗar abokinsa a hoton.

Na zauna da shi na ce, "Baba, yaya kuke yin tafiyar?"

Ya ce, "Kai ɗan nan, ai ba wani abu ba ne. Mu 'yan aikin safe ne a makon. Asabar muka tashi da rana, ƙarshen wata ne an yi albashi. Muka yi karo-karo muka ɗauki shatar bas. Lahadi bayan asuba muka tashi daga Brigade, muka bi titin Zariya, muka tsallake gadar Tamburawa, muka tsaya a Kura muka sayi rake. Kafin hantsi ya dubi ludayi muna Tiga."

Na ce otal kuka sauka? Ya yi dariya har da tari. Ya ce otal na manaja ne da baƙinsa. Su tabarma suka shimfiɗa a gindin bishiya, suka sayi karfasa da tarwaɗa a hannun masunta aka gasa musu, suka ba wani mai kwale-kwale 'yan sulalla ya zaga da su. Suka yi azahar da la'asar a kan dutse. Mutum biyu a cikinsu, ɗaya ɗan Binuwai ɗaya ɗan Bendel, su suka iya ruwa, suka shiga suna yi wa Kanawa dariya. Magariba a Kura, isha'i a gida, Litinin ƙarfe 6 jiniya ta kaɗa kowa yana gaban injinsa.

Abin da ya tsaya min a rai a labarin nan ba kifin ba ne. Cewa ya yi sun sani tun farkon wata wace Lahadi ce tasu. An kafe jadawalin aiki a allo, akwai ƙungiyar ƙwadago, in an sa ka aiki ranar hutu akwai kuɗin ƙarin awa. Mutum yana iya shirya abu ya ce wa abokinsa ranar kaza. Kuma kar ku manta, a jihar nan ce gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da hutun ranar ma'aikata, 1 ga Mayu, a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. Ba haka kawai aka fara daga Kano ba. Ma'aikatan Bompai da Sharaɗa suna da yawan da ɗan siyasa ba zai iya kau da kai daga gare su ba.

Amma fa kar in yi muku zaƙin baki, in sa ku ɗauka aljanna ce. Na tambayi Umma ko ta taɓa zuwa Tiga. Ta ce, "Wa zai kai ni?" Shekara kusan hamsin da aure, ruwan Tiga a famfo kawai ta san shi. Hoton nan maza ne zalla, kuma haka yawancin irinsa suke. Sannan shi otal ɗin Bagauda, a bakin mutanen cikin gari ba sunan kirki gare shi ba. Ana kallonsa wurin sharholiyar manya, inda ake zuwa a yi abin da ba a so a gani a Kano. Ko gaskiya ne duka ko da ƙari, wannan kallon ya sa magidanci mai mutunci bai ga wurin a matsayin inda zai kai iyalinsa ba. A ganina wannan yana cikin abin da ya sa da wuraren suka fara mutuwa, ba a samu masu yi musu kuka ba. Abin da matarka da 'ya'yanka ba su taɓa shiga ba, ba za ka yi faɗa a kansa ba.

Akwai kuma waɗanda suka biya kuɗin tafkin ba tare da an tambaye su ba. Ƙauyuka aka tasa kafin ruwan ya kwanta, gonakinsu da maƙabartunsu suna ƙarƙashin inda kwale-kwalen su Baba ya bi. Can ƙasa kuma, a fadamun Hadeja da Nguru, ambaliyar da ke zuwa duk shekara ta kawo kifi da danshin noman shinkafa da ciyawar dabbobi ta ragu sosai bayan an tare kogin. Da aka ƙara da dam ɗin Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992 abin ya daɗu. Ruwan da ake saki ba dare ba rana, rani da damina, ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Mutumin Hadeja in ka ce masa Tiga wurin shaƙatawa ne, kallon da zai yi maka daban ne.

Yanzu faɗuwar. Ba rana ɗaya ta zo ba. Farashin mai ya karye a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, kamfanonin da ke shigo da kayan aiki da kayan gyaran inji daga waje suka fara rasa lasisi da kuɗin waje. Sai tsarin SAP na Babangida a 1986, naira ta faɗi, abin da kamfani ke saya da naira ɗaya ya koma naira huɗu, ya ci gaba da hawa. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, kowane kamfani ya koma janareta da baƙin mai. A shekarun 1990 aka buɗe ƙofa, yadin waje ya shigo, na fasa-ƙwauri ya biyo ta Maraɗi da Jibiya, daga baya atamfar Sin ta cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar gida ba za ta iya ba ko da ma'aikata kyauta suke aiki. Kasuwar da aka kafa masaƙun don ita, ita ta koma sayar da abin da ya kashe su.

Masaƙar su Baba ta fara da rage aikin dare, sannan hutun dole na wata uku, sannan wata rana suka zo suka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne. Shekara 23 ya yi a wurin. Haƙƙinsa na sallama, kashi-kashi aka riƙa ba su, kuma har yau akwai ragowar da ya daina zancenta. Babur ɗin nan Honda shi ya koma yi wa acaɓa. Mutumin da ya koma acaɓa ba shi da Lahadi, don ranar da bai fita ba ranar ba a ɗora tukunya.

Ita ma Bagauda ta samu nata. A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai yawan gaske, dam ɗin ya ɓalle. Ruwa ya ci gonaki da gidaje da rayuka, ya yanke hanya. An sake gina shi daga baya, amma otal ɗin bai koma yadda yake ba, ga shi kuma masu zuwa sun ƙare. Daga ƙarshe aka miƙa ginin ya zama reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya. Yau in ka ji matashi ya ce zai tafi Bagauda, ba hutu zai je ba, shekarar da ta fi kowace wahala a karatunsa zai je yi. Rock Castle ya daɗe yana kallon ruwa shi kaɗai. Falgore kuma, akwai shekarun da sunansa ya koma na ɓarayin shanu da masu tare hanya, har direbobin Jos ba sa son yamma ta yi musu a ciki, kafin sojoji su kafa sansanin horo a can. Sai harin 20 ga Janairu 2012, wanda hedikwatar 'yan sanda ta Bompai tana cikin wuraren da aka kai wa. Bayan wannan, baƙin da suka rage a kamfanoni, masu fita bayan gari ranar Lahadi, wasu suka bar garin, wasu suka daina wuce shingen bincike.

Ga wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Ruwan da ya fi kusa da mu, mu muka ɓata shi. Dattin kamfanonin Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya tafi ya kwanta a dam ɗin Wasai ta wajen Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta. Na majemun Challawa, da sinadarin kuromiyam da ake jima da shi, yana gangarawa kogin Challawa, kogin da tun farkon shekarun 1930 ake ɗibar wa Kano ruwan famfo daga gare shi. Wanda ya taɓa bin hanyar Panshekara da zafin rana ya san warin da nake nufi. Da a ce an kula, bakin kogin nan da yashinsa, tafiyar minti ashirin daga Sharaɗa, shi ne zai zama wurin shan iskar wanda ba shi da kuɗin motar Tiga. Yanzu masu tifa ne ke zuwa ɗibar yashi.

Ba wai unguwannin sun mutu ba ne, kar wani ya ce na yi musu jana'iza. Ka shiga Sharaɗa da Challawa yau za ka ga kamfanonin roba da takalma da tabarmar leda da lemo da shinkafa da taliya suna aiki, majemu suna fitar da fata zuwa Turai. A Janairun 2023 an buɗe tashar wutar sola mai megawat 10 a Challawa, an kuma buɗe tashar jiragen ruwa ta tsandauri ta Dala a Zawaciki. Kun ga ikon Allah, mun samu tashar jirgin ruwa ba mu da teku. Amma ka tsaya a bakin ƙofar kamfani da ƙarfe 7 na safe ka tambayi samarin da ke layi. Da yawansu aikin wucin gadi ne, ta hannun ɗan kwangila, awa 12 a tsaye, biya kullum ko mako-mako, ranar da ba ka zo ba wani ya maye gurbinka. Wani yaron unguwarmu da ke irin wannan aikin na tambaye shi yaushe ne hutunsa, ya ce, "Yaya, ranar da inji ya lalace." Kuma ba mu manta 2020 ba, lokacin kullen korona, da 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Kano, waɗanda suka ce an hana su fita tsawon watanni.

Shi ya sa da ƙanwata ta ce ba mu da wurin zuwa, na ga rabin gaskiya ta faɗa. Wuraren suna nan. Tiga bai ƙafe ba. Duwatsun Rano da Rurum suna nan. Dam ɗin Challawa yana Ƙaraye. Zanen kan dutse na Birnin Kudu yana nan, rijiyar Kusugu tana Daura, tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna sauka a Baturiya duk hunturu. Duk waɗannan ka fita da safe ka dawo da daddare ne, ko ka kwana ɗaya. Abin da ya ɓace shi ne Lahadin da mutum ya san tasa ce, da albashin da ke rage canji bayan an sayi masara, da hanyar da za ka bi hankalinka kwance. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, ko mai mota sai ya yi lissafi sau biyu kafin ya ce zai ƙona lita goma sha don kallon ruwa.

Duk da haka ina ganin ƙungiyoyin matasa a nan Facebook suna haɗa fikinik, a yi karo-karo a ɗauki bas, har da mata da yara, abin da zamanin su Baba bai yi ba. In za ku je, roƙona ɗaya ne, maganar kwale-kwale. Mun ga abin da ya faru a dam ɗin Watari a Bagwai ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgi ya kife da fasinjoji, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, aka rasa rayuka da dama. In ba rigar ruwa, ko kun ga an yi lodi fiye da ƙima, ku tsaya a gaɓa. Ku kuma tambayi mutanen wurin inda ake shiga da inda ba a shiga, don ruwan dam ba kududdufi ba ne, yana da rami.

Mu dai mun je watan jiya. Na ari motar wani abokina, na ɗauki Baba da Umma da ƙanwar tawa. Muka tsaya a Kura muka sayi rake, don Baba ya ce in ba a yi haka ba tafiyar ba ta cika ba. Da muka isa ya yi ta neman bishiyar da suka zauna a gindinta, bai gane ta ba. Ya tsaya da hoton a hannu yana nuna min su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya rasu, wannan ya koma garinsu bayan rikicin 2004 ba a sake jin ɗuriyarsa ba, wannan yana sayar da goro a Mariri. A cikin tara, uku ya tabbatar suna raye.

Umma kuwa ba ta ce komai ba. Ta cire takalmi ta taka har ruwan ya taɓa idon sawunta, ta daɗe a tsaye. Can ta juyo ta ce wa Baba, "Malam, ashe abin da ka zo ka gani ke nan ka dawo ka ce min ba wani abu ba ne?"

Wanda yake da irin wannan hoton a gidansu, na Tiga ko Bagauda ko Falgore, ya tambayi mai shi labarinsa tun yana kusa, ya turo mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga Kantin Kwari. Sai mun haɗu.